Tsakanin "With" Da "To": Darasi Daga Wata Takardar Koke Ta Birnin Gwari

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da batun yadda ake tsara wasiƙar neman aiki, to amma ina neman afuwa, don kuwa wani al'amari ya gitta mini wanda na ga bai kyautu in bari ya huce ba. Shi ma batun Turanci ne, sai dai a wannan karon abin da ake tsoron rasawa ya wuce makin jarrabawa ko gurbin aiki. Mutuncin mutanen gari guda ne.

Daren wata Laraba, bayan sallar isha'i, wani tsohon ɗalibina ya turo mini takarda ta WhatsApp. Yanzu malami ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Birnin Gwari, kuma da yake shi ne mai digiri a ƙauyensu, duk takardar da za ta je gaban hukuma a kansa take faɗawa. Dattawan garin sun sa shi ya rubuta koke da Turanci, suna neman a tallafa musu da iri da taki, tunda ƙura ta ɗan lafa, mutane sun soma komawa gonakin da suka daɗe da bari. Takardar ta yi kyau. Ya jero bayanansa daki-daki, babu kame-kame, babu kuma manyan kalmomin nan na burga da matasanmu suke so. Ina cikin jin daɗi har na iso sakin layi na uku, inda yake bayyana dalilin da ya sa rumbuna suka zama wayam, sai na ci karo da wannan jimla: "For three seasons our farmers agreed with the bandits and paid for them."

Na ajiye wayar, na sake ɗauka, na sake karantawa, sannan na kira shi. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, fassara mini jimlar nan da Hausa."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai a fili take. Damina uku manomanmu suna karɓar sharaɗin ɓarayin daji, suna biyan su kafin a bar su su shiga gona."

Na ce, "Wannan shi ne abin da ke ranka. Abin da ke kan takarda kuwa cewa yake yi damina uku ra'ayin manomanku da na ɓarayin ya zo ɗaya, kuma manoman ne suke ɗaukar nauyinsu."

Ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can sai na ji ya ce, "Subhanallahi! Malam, gobe da safe fa dattawa za su dangwala mata hannu."

Kalmomi biyu suka yi wannan ɓarna, "with" da "for", haruffansu bakwai in an haɗa.

Wanda bai san yankin ba zai iya cewa kambama abin nake yi. Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka daga birnin Kaduna ta hanyar Buruku da Udawa, ta kuma yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Ƙasa ce mai albarkar masara da dawa da waken soya. Fiye da shekara goma wannan daji ya zama mafakar 'yan bindiga, har ta kai a garuruwa da dama manomi ba ya shiga gonar gadonsa sai ya biya, ba ya kwashe amfaninta sai ya sake biya. A ƙarshen 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana gungun 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnatin tarayya ta wallafa hukuncin a farkon 2022. Daga nan ɗaukar nauyinsu ya shiga sahun manyan laifuka. Ban da doka ma, duk ɗan yankin ya san nauyin kalmar "infoma", ya san wanda aka liƙa wa ita ba ya sake barci da ido biyu a rufe. To ka ɗauka takarda ta isa teburin jami'in da bai taɓa taka ƙauyen ba, ga sunan gari a sama, ga yatsun dattawa a ƙasa, a tsakiya kuma ga jimla tana shaida cewa su da ɓarayi bakinsu ɗaya. Watakila ya gane kuskure ne ya wuce. Watakila kuma ya ja mata layi da jan biro. Ban ga dalilin da zai sa a bar wa sa'a irin wannan magana ba.

Abin takaicin shi ne babu ɗaya daga cikin dattawan nan da zai faɗi jimlar da ta yi kama da wannan da Hausa. Sun san bambancin "mun biya su" da "mun biya musu" tun kafin a haifi mai rubutun. Amma harshen ofis a ƙasar nan Turanci ne. Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa da Turanci Majalisar Tarayya za ta gudanar da harkokinta, da Hausa da Ibo da Yarbanci kuma idan an yi tanadin da ya dace, tanadin da har yau ana jiransa. Saboda haka kukan manomin Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa dole ya sauya riga kafin ya shiga ofis, kuma a wajen sauya rigar nan ne ake samun tangarɗa.

Waɗannan ƙananan kalmomi, irin su "to" da "for" da "with" da "at" da "on" da "from", su ne Turawa suke kira "prepositions". Wanda ya yi karatun zaure ba baƙonsu ba ne, don 'yan uwansu ne yake haddacewa da sunan harafan jarri tun a shafukan farko na Ajrumiyya. Malaman nahawu suna da misalin da suke so ƙwarai: aikatau ɗin "ragiba" idan ya zo da "fi" yana nufin kwaɗayin abu, idan ya zo da "an" yana nufin juya wa abin baya. Haka "da'a lahu" addu'ar alheri ce, "da'a alaihi" kuwa addu'ar sharri. Aikatau bai canza ba, harafi ɗaya aka sauya, ma'ana ta yi juyin waina. Na sha mamakin ɗaliban da ba za su taɓa yarda su yi wasa da harafi a Larabci ba, amma da sun koma Turanci sai su ɗauke shi tamkar ado, duk wanda ya zo hannu a saka.

Laifin ba na ƙwaƙwalwarsu ba ne, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Hausa tana da nata hanyar nuna alƙiblar aiki, sai dai ba a gefen aikatau take ajiye ta ba, a cikin jikinsa take saka ta. Wani masanin Hausa ɗan Ingila, F. W. Parsons, shi ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai, tsarin da har gobe ake koyarwa a jami'o'inmu. Ɗauki "saya". Idan ka ce "sayo", ka nuna an saya an taho da abin nan. Idan ka ce "saye", an kwashe duka. Idan ka ce "sayar", kaya sun bar hannunka. Idan ka ce "sayu", cinikin ya yiwu. Haka "fita" da "fito" da "fitar" da "fice". Yaron da bai shiga aji ɗaya ba ya san wanda ya gudu ya yi nesa da mu, wanda ya gudo kuwa wajenmu ya nufo. Wasali ɗaya a ƙarshen kalma ya ɗauke aikin da Bature sai ya kawo wata kalma dabam ya jingina. Kunnen Bahaushe ya saba neman ma'ana a wutsiyar aikatau, shi ya sa idan ya ji "agree" sai ya ɗauka magana ta ƙare, abin da ya biyo baya cikon benci ne.

Sai kuma matsalar "da". Ban san wata kalma a Hausa mai yawan aiki kamarta ba. Muna yarda da mutum, mu dogara da shi, mu saba da shi, mu gaji da shi, mu rabu da shi, daga baya mu tuna da shi. "Da" ɗin nan guda ce a bakinmu. A Turanci kuwa kowanne da abokin tafiyarsa: "agree with", "depend on", "get used to", "be tired of", "part from", shi kuma "remember" ba ya bukatar kowa. Tun a firamare aka gaya wa yaro cewa "da" ita ce "with", ba a kuma koma an gaya masa cewa wannan rabin gaskiya ce ba. Shi ya sa duk shekara nake gyara "depend with" da "tired with" a takardun 'yan aji ɗaya na jami'a, kuma ba na fushi, don na san daga inda suka fito.

Mu koma kan jimlar ɗalibina. "Yarda" ɗaya ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta uku. "Agree with" na mutum ne ko ra'ayi, wato abin da yake gani shi kake gani. "Agree to" na sharaɗi ne ko buƙatar da wani ya kawo maka, ka karɓa ko da ranka bai so ba. "Agree on" kuwa na ɓangarori ne da suka zauna suka tsayar da magana tare, kamar farashi ko rana. Da ya rubuta "agreed to their terms" da ya matso kusa da gaskiya. Amma ko wannan ban bar masa ba, domin wanda aka ɗora wa bindiga a ka ba a cewa ya yarda. Akwai "submit to" da "give in to", masu nuna an fi ƙarfinka ne ka sunkuya. Shi kuma "pay" ba ya son harafi tsakaninsa da wanda ya karɓi kuɗin: "pay the driver", ka biya direba. Da ka saka "for", ka koma kan abin da aka saya ko wanda aka ɗauke wa nauyi: "pay for the maize", kuɗin masara, "pay for the boy", ka biya wa yaro. A ƙarshe muka daidaita a kan "our farmers were forced to pay the bandits before they could reach their farms", wato an tilasta wa manoma biyan ɓarayi kafin su iya kaiwa gonakinsu. Jimlar ba ta da ƙawa, amma babu wanda zai ɗaure wani da ita.

A nan zan faɗi abin da na san wasu abokan aikina ba za su ji daɗinsa ba. Kurakuran harafi ba duka suke da nauyi ɗaya ba, kuma mu malaman Turanci mun ɓata shekaru muna dukan marasa laifi muna ƙyale masu kisa. Kowane ɗalibi ya sha jan biro a kan "discuss about" da "request for" da "emphasise on" da "comprise of". Gaskiya ne ingantaccen Turancin Ingila ba ya saka harafi bayan waɗannan aikatau. Tushen kuskuren ma a bayyane yake: sunan da aka ciro daga aikatau ɗin yana ɗaukar harafi, ana cewa "a discussion about" da "a request for" da "emphasis on", sai mai koyo ya kwaso harafin suna ya liƙa wa aikatau. Hausa kuma ta ƙara tura shi, tunda mu ma "tattaunawa a kan" abu muke yi. Amma ina tambaya, wa aka taɓa cuta da "discuss about"? Wanda ya karanta ya fahimta sarai. David Jowitt, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, ya tattara irin waɗannan a littafinsa na 1991 kan Turancin Nijeriya, kuma duk mai karanta jaridunmu na Turanci ya san sun riga sun zauna da gindinsu. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, ciki har da "Kannywood" da "okada". Harshe yana tafiya, ba ya jiran izinin malami.

Su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Ɗan Ingila zai ce "write to me", ɗan Amurka ya ce "write me". Ɗan Ingila ya saba da "protest against" da "appeal against", ɗan Amurka yakan yar da "against" ɗin ya wuce abinsa. Babu wanda ya kai wani ƙara.

Kada ɗalibi ya ɗauki wannan a matsayin lasisi. Mai duba takardar WAEC ko NECO zai zaftare maka maki a kan "discuss about" ba tare da ya nemi ra'ayina ba, kuma kiredit a Turanci shi ne mabuɗin ƙofar jami'a. Ka koyi daidai ɗin, ka rubuta shi. Abin da nake cewa shi ne akwai kuskuren da iyakarsa ya nuna kai ɗan Nijeriya ne, akwai kuma wanda yake sa ka faɗi abin da bai faru ba. Na farko yana cin maki ɗaya. Na biyu shi ne wanda ya kusa shiga ofis da yatsun dattawa a ƙarƙashinsa, kuma shi ne wanda ba mu cika koyarwa ba, saboda jimlar da ke ɗauke da shi lafiyayya ce a nahawu. Babu abin da jan biro zai kama a "agreed with the bandits". Ko manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba za ta ja mata layi ba.

Wannan ilimi ba mai rubutu kaɗai yake yi wa amfani ba. Mai karanta labaran yankin nan da Turanci, ko mai fassara su zuwa Hausa a gidan rediyo, ya fi kowa bukatarsa. "They shot him" na nufin harsashi ya same shi. "They shot at him" na nufin an kai masa harbi, mai yiwuwa ya tsira ko ƙwarzane babu. Hausa ta fi Turanci tsabta a nan, don muna da "an harbe shi" muna da "an kai masa harbi", amma mai fassarar da ya tsallake "at" zai iya sa a shimfiɗa tabarmar makoki a gidan da mai shi yake kan hanyar dawowa. Haka "search". Idan aka ce jami'an tsaro "searched the village", ƙauyen aka bincike gida-gida, wato ana zargin akwai wani abu a ciki. Idan aka ce "searched for the villagers", mutanen ƙauyen ake nema, wataƙila don an sace su. A jimla ta farko su ne abin zargi, a ta biyu su ne abin tausayi.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne "hear". Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna, Birnin Gwari na ciki, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. A watannin nan biyu, mu da muke da 'yan uwa da ɗalibai a can muka koyi bambancin "hear of" da "hear from" ba tare da ƙamus ba. "We heard of him", mun ji labarinsa a bakin wani direba da ya fito da lodin masara. "We heard from him", shi da kansa ya hau mota zuwa inda akwai sabis ya kira, mun ji muryarsa. Duk uwar da aka taɓa sace wa ɗa ta san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu. Idan mai rubuta rahoto ya musanya su, ya ba iyali tabbacin da babu shi, ko ya ƙwace musu wanda suke da shi.

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da suka rungumi sulhu, aka kuma sake buɗe kasuwar shanun garin bayan kimanin shekara goma tana rufe. Ba siyasar sulhun ce ta kawo ni ba, masu wannan fage suna nan suna ta fafatawa. Ni dai abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su riƙa sa ido kan abin da ya biyo bayan aikatau a duk rahoton da suka karanta kan irin wannan lamari. "Surrender" idan ya tafi kai tsaye zuwa ga abu, kamar "surrender their weapons", makamai aka miƙa. "Surrender to" kuwa yana gaya maka wanda aka miƙa wa wuya, bai ce komai a kan makamai ba. "Negotiate with" yana nuna da wa aka zauna, "negotiate for" yana nuna me ake nema, "negotiate over" yana nuna a kan me ake ja-in-ja. Mai magana da yawun hukuma ya san waɗannan sarai, kuma yakan zaɓi wanda zai faɗi iya abin da yake so ya faɗa, ba ƙari. Ba ƙarya ya yi ba. Mai karatu ne ya kamata ya tambaya: me aka miƙa, ga wa, a kan wane sharaɗi?

Ɗalibai sukan tambaye ni dokar da za su haddace su huta. Babu ita. Akwai 'yan alamu, kamar yadda "at" yake yawan nuna saiti ba tare da tabbacin samu ba, shi ya sa "throw to" jefa wa mutum ne ya cafe, "throw at" kuwa jifansa ne. Haka "shout to" kira ne daga nesa, "shout at" tsawa ce. Amma babu hankalin da zai gaya maka dalilin da ya sa ake cewa "accuse of" amma "charge with", alhali duka tuhuma ce, ko "congratulate on" amma "thank for". Al'adar harshe ce, kamar yadda ba za ka iya gaya wa Bature dalilin da ya sa muke "shan" iska da wahala da kashi ba. Abin da ya rage shi ne a daina koyon aikatau shi kaɗai kamar maraya. Kada ka rubuta "listen" a littafinka, rubuta "listen to the radio". Kada ka rubuta "wait", rubuta "wait for the lorry". Waɗannan biyun ma sun fi kama mu, don "saurara" da "jira" ba sa bukatar harafi a Hausa, sai mu yar da na Turancin. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya gane wannan tun da daɗewa. Ƙamus ɗin da ya jagoranci haɗawa, wanda ya fara fitowa a Tokyo a 1942 kafin Oxford ta ɗauke shi a 1948, an gina shi ne domin ya nuna wa baƙon harshe yadda kalma take zama da maƙwabtanta. Jikan wannan ƙamus yana cikin kusan kowane ɗakin karatu na sakandare, yana kuma kan intanet kyauta. Sai dai yawancinmu ma'ana muke dubawa mu rufe, ba ma sauka ƙasa inda misalan suke.

Hanya ta biyu ita ce wadda na bi da ɗalibina a daren nan, kuma ban san wadda ta fi ta ba ga wanda yake rubutu da sunan jama'a. Ka ba wani takardar, wanda bai san abin da kake nufi ba, ka ce ya mayar maka da ita Hausa jimla-jimla. Kai ba za ka iya yi wa kanka ba, don idonka abin da ke ranka yake karantawa. Hausar da ta jefa ka cikin ramin ita ce kuma za ta fito da kai, domin ba ta yarda da dungu a irin waɗannan wurare. Dole mai fassara ya zaɓa tsakanin "biya su" da "biya musu", tsakanin "harbe" da "kai harbi", tsakanin "ji labarinsa" da "ji daga bakinsa". Da ya zaɓi wanda ba shi kake nufi ba, ka san inda ciwon yake.

Mun kai kusan sha biyun dare muna bin takardar layi-layi. Muka sami wani wurin da ya rubuta "we appeal against the government", yana nufin suna roƙon gwamnati, alhali abin da ya rubuta ɗaukaka ƙara ne a kanta. Muka mayar da shi "we appeal to the government for seed and fertiliser": "to" ga wanda ake roƙo, "for" ga abin da ake roƙa. Akwai "discuss about" guda biyu a shafi na biyu. Na nuna masa su a ƙarshe, bayan mun gama da masu haɗari, na ce ya cire in ya ga dama. Ya cire.

Washegari, kamar yadda ya ba ni labari, ya karanta wa dattawan takardar da Hausa a ƙofar gidan mai gari kafin a kawo tawada. Da ya zo kan jimlar harajin, wani tsoho ya tsayar da shi ya ce, "Ɗana, ka dai rubuta cewa dole aka yi mana ko?" Ya ce, "Na rubuta, Baba." Tsohon ya miƙo babban yatsansa.

Bayan mako uku ya sake kirana. Amsa ta zo daga ofishin da suka kai takardar, layi biyu ce, kuma ƙashin bayanta shi ne "we will look into the matter". Yana so ya san yadda zai fassara wa dattawa. Na ce masa "look at" kallo ne, "look for" nema ne, "look after" kulawa ce, "look into" kuwa bincike ne, ya gaya musu an ce za a duba. Ya ce, "Malam, to 'za a duba' irin ta Bature ce ko irin tamu?" Na ce wannan kam ƙamus bai faɗa ba. A lokacin da muke maganar, in ji shi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma mutane sun riga sun gama sharar gona.